Dashen itatuwa a Birnin Kudu da Gwaram: Me turare ke zubawa a gona?

Duk shekara idan damina ta kankama, sai a shiga rabon dashen itatuwa a Jihar Jigawa, ɗaya daga cikin jihohi 11 da ke cikin shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda aka kafa wa hukuma ta ƙasa a 2015. Ga kuma shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021. Yawan dashen ake yawan sanarwa. Ba a cika faɗin wace bishiya ce, ko a gefen gonar wa za ta tsaya ba.

Tambayar tana da nauyi a Birnin Kudu da Gwaram. Kudancin jihar ya fi arewacinta samun ruwan sama, kuma ƙasar noman dawa ce da masara da gyaɗa da riɗi. A irin wannan wuri, duk inda aka kafa bishiya to kusa da amfanin wani take.

Manoma sun daɗe da lura cewa ƙarƙashin turare ciyawa ma da ƙyar take fitowa. Masanin tsirrai ɗan Ostiriya, Hans Molisch, ya raɗa wa wannan ɗabi'a suna alelofati a 1937, wato tsiro ya fitar da sinadarin da ke danne maƙwabcinsa. Turare, wadda asalinta Ostireliya ne, ganyenta na ɗauke da mai mai ƙamshi da wasu sinadarai masu tsami. Idan ganyen ya zuba ya ruɓe, ruwa kan wanke su cikin ƙasa, su jinkirta tsirowar iri, su kuma hana saiwar ƙaramin tsiro miƙewa. Iri mai ƙananan ƙwayoyi ya fi jin jiki.

Sai dai ɗora wa sinadari laifin duka ba daidai ba ne. Turare na shan ruwa sosai, saiwarta na bazuwa nesa, kuma ƙwayoyin halittar ƙasa kan rage kaifin sinadaran. Ga manomi dai sakamakon ɗaya ne: kunyoyin da ke kusa da ita sukan tsumbure. Mai bishiya zai sayar da sanduna bayan 'yan shekaru, maƙwabcinsa kuwa ya ɗauki asarar kowace kaka, abin da kan iya kai mutum biyu gaban dagaci.

Ba baƙuwar bishiya kaɗai ke da wannan makami ba. Saiwar dawa kanta na fitar da sinadarin sogoliyon mai hana ƙananan ciyayi sarrafa hasken rana. A Kenya, cibiyar icipe ta nuna cewa shuka desmodiyom a tsakanin kunyoyin masara na danne wuta-wuta, cutar da kowane manomin dawa a Gwaram ya san ɓarnarta.

Gawo kuwa akasin turare ne: yakan zubar da ganye da damina, ya bar wa amfani rana, ya kuma ƙara wa ƙasa taki. Matsalarsa jinkirin girma, shi ya sa masu neman adadin da za su nuna a rahoto ba sa ɗokinsa. Malaman gona na hukumar JARDA ne suka fi dacewa su tsaya a wurin rabo su ware turare ga gefen hanya da fako da bakin zaizaya, su ba mai gona gawo da ɗorawa.