Ikon ƙananan hukumomi kan harkar tabar wiwi a Zariya

Tabar wiwi haramtacciya ce a duk faɗin Najeriya, nomanta da sayar da ita da shan ta. Saboda haka babu ƙaramar hukumar da ke da ikon ba da lasisin shagonta ko ware mata wuri, ciki har da ƙaramar hukumar Zariya, wadda unguwannin cikin ganuwa irin su Ƙofar Jatau da Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana ke ƙarƙashinta. Maganar wa zai ce a buɗe ko kada a buɗe ta fara tasowa ne bayan da wasu 'yan siyasa suka nemi a halatta noman ganyen don magani da fitarwa waje.

Matsayin doka

Gwamnatin soja ta kafa dokar tabar wiwi a 1966, wadda ta tanadi hukunci mai tsanani, har da kisa ga mai noma, kafin a sassauta ta a 1975. A 1989 aka kafa hukumar NDLEA, kuma dokarta ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai nomawa ko shigo da ita. Binciken da ofishin UNODC ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 10.6 ne suka yi amfani da wiwi a cikin shekara guda.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya sanya magunguna da guba cikin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka. Kalmar Ingilishi da aka yi amfani da ita a wurin ta haɗa abin da Hausa ta raba biyu, wato magani da ƙwaya, shi ya sa maganin asibiti da wiwi suka faɗa hannu ɗaya. Majalisar dokokin Jihar Kaduna ba za ta iya halatta ta ba, balle kansilolin Zariya.

Misalin giya

Giya kuwa hukuncinta daban ne. Jadawali na huɗu na kundin ya lissafa ba da lasisi da kula da sayar da giya cikin ayyukan ƙananan hukumomi, tare da kula da shaguna da gidajen abinci da kasuwanni. Zariya ta daɗe da sanin wannan rabo. Tun zamanin Turawa an hana sayar wa 'yan ƙasa barasa a yawancin Arewa, aka sassauta a Sabon Gari, wanda ya bunƙasa da zuwan jirgin ƙasa. Yau Sabon Gari ƙaramar hukuma ce mai zaman kanta, kuma abin da ake sayarwa a fili a wasu layukanta ba wanda zai buɗe masa shago a Ƙofar Jatau. A cikin birni ba takardar lasisi kaɗai ke aiki ba, akwai mai unguwa da liman da fadar Zazzau, kuma sau da yawa maganarsu kan riga ta sakatariya isa.

Yadda ake yi a Kalifoniya

A Amurka jihohin Kolorado da Washinton ne suka fara halatta wiwi ga manya a 2012. Kalifoniya ta bi a 2016, aka fara sayarwa a Janairun 2018. Dokar jihar ta bar wa birane da gundumomi damar hana shagunan baki ɗaya, ko tantance titin da za a buɗe su, kuma ta ce a nisanta su da makarantu da taku 600, kimanin mita 180, sai dai in hukumar yankin ta sa nata adadin. Fiye da rabin biranen da gundumomin sun zaɓi hanawa. Masu suka na cewa hakan ya bar wa dillalan ɓoye kasuwa, masu goyon baya kuma na cewa mazauna wuri su suka fi sanin abin da za su iya zama da shi.

Muhawara a Najeriya

Marigayi Rotimi Akeredolu, gwamnan Ondo, ya fito fili a 2019 yana neman a bari a noma wiwi don magani. A Maris na 2023 majalisar wakilai ta jingine wani ƙudiri mai kama da haka bayan zazzafar muhawara. Shugaban NDLEA, Buba Marwa, wanda ya hau a 2021, ya sha nuna adawa da halatta shan ta. Lesoto ta fara ba da lasisin noma a 2017, Ghana kuma ta amince da nau'in da sinadarinsa mai sa maye bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba.

Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne wurin da za a yi harkar. Ko da tarayya ta sassauta, ƙaramar hukumar Zariya ba ta da irin ƙarfin da biranen Kalifoniya ke da shi. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, kuma izinin gini da na sauya amfanin gida zuwa wurin kasuwanci yana hannun KASUPDA, hukumar jiha. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, amma bai ƙara musu iko kan filaye ko magunguna ba.