Abin da Hoton A-68 Bai Nuna Ba

A watan Yulin 2017 wani ƙaton curi ya ɓalle daga Larsen C, ɗaya daga cikin shimfiɗun ƙanƙarar da suka zarce gaɓar Antaktika suna kwance a kan teku. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 5,800, nauyinsa kuwa wajen tan tiriliyan ɗaya. Aka raɗa masa suna A-68, jaridu suka yi ta gwada shi da ƙasashe da birane. Kafin shekara huɗu ta cika, a watan Afrilun 2021, cibiyar Amurka mai bin sawun duwatsun ƙanƙara ta cire shi daga lissafinta, domin babu sauran guntun da ya isa a bi.

Faɗi ne tauraron ɗan'adam ya fi saurin gani, shi ya sa ya mamaye labarai, amma ma'auni ne mai ruɗi. Kusan kashi tara cikin goma na kowane dutsen ƙanƙara a nutse yake, kuma a can ƙasan ake cin sa. A-68 ya shafe shekaru biyu da wani abu a ruwan sanyi na Tekun Weddell, da ƙyar ya rage. Sai a 2020, da igiyar ruwa ta ja shi arewa zuwa inda teku ya fi ɗumi, kaurinsa, wanda da farko ya kai wajen mita 235, ya fara zaizayewa da sauri, alhali daga sama kamar ba abin da ya same shi.

Fashewar da ake gani daga baya sakamakon wannan ramewa ce. Raƙuman ruwa suna ƙwaƙule gefen dutsen daidai bakin ruwa, abin da ke sama ya rasa madogara ya rufta, a bar wani tudu a nutse. Tudun nan, da yake ƙanƙara ba ta kai ruwa nauyi ba, yana yunƙurin tasowa, har ya ɓalle gefen gaba ɗaya. A sama kuma, ruwan da rana ta narkar yana taruwa a tsagogi, nauyinsa ya riƙa buɗa su kamar yadda ake faskara itace. A watan Disambar 2020, kusa da tsibirin Jojiya ta Kudu, wani ɓangarensa ya gogi ƙasan teku, daga nan sai tarwatsewa.

A lokacin, fargabar ita ce dutsen ya tokare a gaɓar tsibirin ya tare wa tsuntsayen fengwin hanyar neman abinci. Hakan bai faru ba, sai aka sauke ajiyar zuciya aka manta da shi. An yi gaggawa. Masu bincike a Jami'ar Leeds sun ƙiyasta cewa cikin watanni uku ya zuba tan biliyan 152 na ruwa marar gishiri a kewayen tsibirin, haɗe da sinadaran da ke ciyar da ƙananan halittun teku. Canjin da ya kawo wa wurin ke nan, kuma ba ya fitowa a hoto.

Masu cewa ɓallewar irin wannan dutse ba hujja ba ce ta ɗumamar duniya suna da gaskiyarsu: shimfiɗun nan sun saba zubar da gefensu tun fil'azal, kuma ƙanƙarar da ta riga ta hau ruwa ba ta ƙara wa teku tsayin a zo a gani idan ta narke. Kuskurensu shi ne tsayawa a nan. Shimfiɗar tokari ce ga kogunan ƙanƙara da ke kan tudu a bayanta. Da maƙwabciyarta Larsen B ta wargaje cikin 'yan makonni a 2002, kogunan da take tarewa suka ninka gudunsu zuwa teku, kuma wannan ƙanƙarar ta tudu ita ce ke ɗaga ruwa a gaɓoɓin duniya. A-68 ya tafi da fiye da kashi 10 cikin 100 na Larsen C. Ragowar tana nan a inda take, kuma ita ce ya kamata a ci gaba da aunawa.