Kowace Waƙa da Mudunta

Jama'ar Makera, mu daina auna waƙa da yawan masu kallo a YouTube. Jiya a teburin mai shayi har wani ya ce "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta fi waƙoƙin Shata, wai ga lissafi a waya. Haba! Shata ya rasu a 1999, YouTube sai 2005. Masu jinsa a rediyo da kaset, wa ya ƙirga su?

A waƙar kalangu mu nemi azanci da amshi. A ta fada irin ta Narambaɗa, kirari da zambo. A nanaye, murya da tada 'yan biki. Dattawanmu ma su daina kiran duk waƙar fiyano shirme. In waya ta zama alƙalinmu, jikokinmu ba za su san kotso ba.