Canji ya zo, canji ya wuce, gawo na tsaye

Duk wanda ya haura shekara arba'in da biyar a Matamaye bai manta da watan Maris na 1993 ba. Kalma ɗaya ce a bakin kowa, daga tasha har kasuwa, daga masu rake har masu tallan ƙosai: canji. Ita ce taken jam'iyyar CDS-Rahama, kuma yankin Damagaram ya rungume ta hannu biyu-biyu. Ranar 27 ga watan, a zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, Mahaman Usman, ɗan Damagaram, ya kada Tanja Mamadu na MNSD-Nasara da wajen kashi 54 cikin ɗari na ƙuri'u, bisa goyon bayan ƙawancen AFC. Shi ne shugaban Nijar na farko da aka zaɓa cikin takarar jam'iyyu da yawa. Talaka ya yi guɗa, yana ganin lokacinsa ne ya zo.

Abin da ya biyo baya sananne ne. A Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, a wani taro da aka yi a Dakar tare da Faransa da Asusun Lamuni na Duniya. Ba wanda ya tambayi mai ƙuri'ar Matamaye, shi dai ya wayi gari magani da taki da duk wani kayan waje sun yi tashin gwauron zabo. Albashin ma'aikata ya riƙa yin watanni bai fito ba, lakwal-lakwal suka sha zama a rufe. A Satumban 1994 firaminista Mahamadu Isufu ya ajiye aiki, ƙawance ya watse. Zaɓen depitoci na Janairun 1995 ya ba ƴan adawa rinjaye, Hama Amadu ya zama firaminista, shi da shugaban ƙasa suka shiga zaman doya da manja. Ranar 27 ga Janairun 1996 Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da su gaba ɗaya. Canjin bai cika shekara uku ba.

Akwai wasu masu tunani a Turai da suka daɗe da cewa haka za ta riƙa faruwa a ko'ina. Faransawa na kiransu anarshis. Mutane da yawa na ɗauka kalmar na nufin masu son hargitsi, alhali asalinta a Girkanci shi ne rashin mai mulki. Aƙidarsu ita ce jama'a za su iya tsara zamansu da kansu, ta yarjejeniya da taimakon juna, ba tare da gwamnati a bisa kansu ba. Daga cikin manyansu akwai Furudon na Faransa, wanda shi kansa aka zaɓa depite a 1848, ya fito yana cewa zaman majalisa ya nesanta shi daga talakawan da suka aike shi. Akwai Bakunin na Rasha, wanda ya yi jayayya da Karl Maks har aka kore shi daga ƙungiyar ƙwadago ta duniya a 1872. A 1888 kuma marubuci Oktab Mirbo ya kira masu zaɓe na Faransa da su yi yajin jefa ƙuri'a.

Hujjarsu ƙafa uku gare ta. Ta farko, kujera ce ke sauya mutum. Bakunin ya yi gargaɗin cewa ko lebura aka ɗora kan mulki, daga ranar ya daina zama lebura, zai koma kallon ƴan uwansa daga sama. Ta biyu, zaɓe na sauya direba ne kawai, mota na nan yadda take: baitulmali, soja, masu bin bashi na waje da manyan ƴan kasuwa ba a jefa musu ƙuri'a, kuma su ne ke shata hanyar da sabon shugaba zai bi. Ta uku, wadda suka fi ba muhimmanci, ita ce zaɓe na koya wa talaka jira. Ya miƙa ikonsa rana ɗaya, ya koma gida ya naɗe hannu shekara biyar yana sauraron mai ceto.

Ba a buƙatar zuwa Turai don auna wannan magana. Daura ba ta da nisa da Matamaye ta hanyar Ɗan Barto, kuma a 2015 ɗan Daura, Muhammadu Buhari, ya hau mulkin Najeriya da wannan kalma dai ta canji. An yi murna a ɓangarorin iyaka biyu. Amma gwamnatinsa ce ta rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, fataken Matamaye masu kai dabbobi da wake kudu suka ɗanɗana kuɗarsu. Akwai kuma shaida mafi ɗaci. A ƙarshen Oktoban 2013, shekara ashirin bayan guɗar canji, aka tsinci gawarwaki 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. Yawancinsu mutanen ƙasar Kance ne, wadda Matamaye ce babban garinta, kuma neman abin sawa a baka ne ya fitar da su. Daga 1993 zuwa wannan shekara shugabanni shida sun zauna a fadar Yamai. Babu ɗayansu da ya sa uwar ƴaƴa a Kance ta ga zaman gida ya fi ratsa hamada.

Duk da haka akwai canji ɗaya na gaske da ya auku a ƙasar Matamaye, kuma mai tafiya kan hanyar Takeita zai gan shi da idonsa. Bayan farin 1973 da na 1984 gonaki sun zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi. A wancan zamani doka ta ce itace na gwamnati ne, ma'aikatan gandun daji ke cin tarar wanda ya taɓa shi, saboda haka manomi bai ga dalilin renon abin da ba nasa ba. Daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Matamaye da Magarya da Mirya suka soma barin tohon gawo da ke fitowa a gona, suna sassabe shi, suna kare shi daga awaki da masu gatari. Gawo itace ne mai halin kansa: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya hana hatsi rana, ganyen ya zama taki, ƴaƴansa kuma su zama abincin dabbobi da rani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa wannan sassaben zamani ya farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200. Sun kuma lura cewa raunin da gwamnati ta yi a shekarun rikicin siyasa da talaucin baitulmali ya taimaka, domin da ma'aikacin gandun daji ya rage zuwa, manomi ya soma ganin itacen gonarsa nasa ne. Ba jam'iyyar da ta sa wannan a alƙawuranta na yaƙin zaɓe. Kropotkin, wani anarshis ɗan Rasha da ya wallafa littafi kan taimakon juna a 1902, da ya ga gonakin nan da ya ce ga shaidarsa. Bahaushe kuwa ya san abin tun kaka da kakanni: sunansa gayya a gona, adashi a tsakanin mata.

Ko ita kanta ƙuri'ar ba kyauta aka ba da ita ba. Sai da ɗalibai suka zubar da jini a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990, sai da ƙungiyar ƙwadago ta USTN ta yi ta yajin aiki, sannan Janar Ali Saibu ya yarda da jam'iyyu da yawa, aka zauna Taron Ƙasa daga Yuli zuwa Nuwamban 1991. Haka nan a 2005, watanni kaɗan bayan sake zaɓen Tanja, majalisa ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari kan madara, fulawa, sukari, ruwa da lantarki. Ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa ya fito da dubban mutane kan titi a watan Maris, aka rufe kasuwanni, aka kama jagorori irin su Nuhu Arzika, amma a Afrilu gwamnati ta janye harajin daga yawancin kayan. Abin da depite bai yi ba, rufe kanti ya yi shi.

To, a ce ke nan anarshis sun yi gaskiya, a jefar da katin zaɓe? Nan ne maganarsu ke da rauni, kuma tarihinsu da kansa ya nuna shi. A Sifen, a zaɓen 1933, babbar ƙungiyarsu ta ƙwadago, CNT, ta yi kiran ƙaurace wa akwati. Masu ra'ayin riƙau suka ci, kurkuku ya cika da ma'aikata. A 1936 da yawa daga cikinsu suka koma suka jefa ƙuri'a, kuma kafin shekarar ta ƙare huɗu daga jagororinsu sun karɓi kujerun minista. Ƙin zaɓe bai kawar da gwamnati ba, ya dai bar wa wasu zaɓen wanda zai riƙe ta.

A Nijar kuma akwai abin da ya kamata mai karatu ya tsaya ya duba: tun daga samun ƴancin kai a 1960, ba a taɓa sauke shugaba mai ci da ƙuri'a ba. Jori Hamani soja suka sauke shi a 1974, Mahaman Usman a 1996, Tanja a 2010, Bazum Mohamed a 2023. Ba'are harbe shi aka yi a 1999. Isufu kaɗai ya cika wa'adinsa biyu ya miƙa wa zaɓaɓɓe a 2021. Babban amfanin ƙuri'a shi ne sauke wanda ya gaza ba tare da zubar da jini ba, kamar yadda mutanen Benin suka yi wa Kereku a 1991, kuma wannan amfani kullum bindiga ke riga ta gare shi. Masu zaɓen Damagaram ba su samu damar yi wa Usman hisabi a ƙarshen wa'adinsa ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, an rushe majalisun ƙananan hukumomi a 2024, aka rushe jam'iyyu a 2025. Ƙuri'a ta tafi, amma haraji da jandarma da kurkuku ba su bi ta ba. Wannan ba shi ne mafarkin Bakunin ba. Wanda ya gudu daga gara ya faɗa gidan zago bai tsira ba.

Gayya ma tana da iyaka. Takan nome gona, ba ta horar da likita, ba ta shimfiɗa kwalta daga Matamaye zuwa Magarya, ba ta buɗe iyakar da wata ƙasa ta rufe. Gawon da manomi ya rena ma sai da dokar ƙasar noma ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004 suka ƙarfafa haƙƙinsa a kai, in ba haka ba kowane mai kaki na iya zuwa gobe ya ce na hukuma ne.

Darasin da ke cikin gargaɗin anarshis, ga mutanen Matamaye, shi ne kada a sake ɗora wa akwati kayan da ya fi ƙarfinsa. Duk ranar da zaɓe ya dawo, za a sake jin wata sabuwar kalma mai daɗi, za a raba atamfa da sabulu da ƴan jikkuna, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Garin da ke da ƙungiyar manoma mai ƙarfi, da bankin hatsi da ake lissafinsa a bainar jama'a, da iyayen ɗalibai masu zuwa lakwal su tambayi dalilin rashin malami, shi ne garin da depite ke tsoron yi wa ƙarya. Garin da ya naɗe hannu kuwa, ko ɗansa ne ya hau kujera, jira zai ci gaba da yi. Gawon da aka bari ya tsiro a shekarar canji yau ya zama babban itace, awaki na cin ƴaƴansa, hatsi na yin kyau a gindinsa, kuma wanda ya rene shi bai jira umurni daga Yamai ba.