Ra'ayinmu: Sakkwato ko "Sokoto"?

Akwai wata ɗabi'a da ta yi kaka-gida a ɗakunan kwananmu, wadda muke so 'yan'uwa ɗalibai su duba da idon basira. Idan Basakkwace ya ce Katcina, ko ya kira Funtuwa da Huntuwa, sai a bushe da dariya, wai ga baƙauye. Amma idan ɗan boko ya karya harshe ya ce "Sokoto" ko "Kontagora" a tsakiyar zancen Hausa, ba mai ko ɗaga kai. A ganinmu, an sa dariyar inda ba muhallinta ba.

Na farkon karin harshensa yake yi, wanda ya sha a nono. Haka mutanen yamma suke furta "ts" a gaban wasalin "i". Shi ya sa ma Faransawa a Nijar suka rubuta Dogondoutchi maimakon Dogondutsi, don abin da kunnensu ya ji ke nan. Daidaitacciyar Hausa ta fi karkata ga Kananci, amma ba ta soke sauran ba.

Na biyun kuwa Bature kawai yake kwaikwayo. Tun kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903 suke rubuta sunan yadda bakinsu ya iya. Ba mu ga laifinsu ba, ai mu ma mun mai da Ibadan Badun, Port Harcourt kuma Fatakwal. Sai dai ba mu taɓa jin Bayarabe ya biyo mu ya ce Badun ba.

Gobe mu ne a ofisoshi, mu ne masu karanta labarai a rediyo. Duk wanda zai yi wa talaka magana da Hausa, to ya ce Sakkwato, Kwantagora, Gwambe, ya bar rubutun taswira ga wasiƙar Turanci.