Mun Gaji da Gudun Tsoro, Mu Yi Gudun Kanmu

'Yan'uwana na Wurno, da Rabah, da Goronyo, ku ba ni kunnenku!

Babu mai koya mana gudu. Mun yi shi da tsakar dare, goyo a baya, ƙafa ba takalmi. Mutanen Tabanni sun yi shi a 2018 har suka kai Gandi. Waɗanda ke kasuwar Goronyo ranar harin Oktoban 2021 sun yi shi. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa. Amma wancan gudu tsoro ne ya ɗora mana. Yau ina kiranku ga wanda za mu zaɓa da kanmu: gudun yada-ƙanin-wani, rabin zango, kilomita 21.

Kada wani ya ce aikin banza ne. Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ta wuce shi, daga baya suka sake, ya wuce ta. Duk alhajin da ya yi sassarfa tsakanin Safa da Marwa, sawun Nana Hajara ya bi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda yake kwance a Wurno tun 1837, ribaɗi ya gina a nan, kuma ribaɗi ba wurin raggo ba ne.

Ku tambayi duk wanda ya taɓa yin wannan gudu. Farkonsa daɗi ne, kowa jarumi. Sai an haura kilomita 15 ake sanin mutum. Cinya ta yi nauyi. Yawu ya kafe. Gumi ya bushe a goshi ya bar gishiri. Zuciya ta fara raɗa: "Tsaya haka nan, wa zai ce ba ka yi ƙoƙari ba?" A nan ne darasin yake. Ka tuna niyyarka. Ka ambaci Allah da kowane numfashi. Ka daina hangen ƙarshen hanya, ka ce bari in kai waccan darbejiyar. In ka kai, ka zaɓi ta gaba. Wanda ya san ƙishin la'asar a azumin bazara ya san wannan haƙuri. Kuma mai garaje tun farko, a gefen titi ake wuce shi yana haki.

To, mu fara!

Gobe bayan Asuba, kada ka koma shimfiɗa. Ka buga wa maƙwabcinka ƙofa. Ku fita ku biyar, ku goma, cikin gari ko filin makaranta. Ban da hanyar daji, ban da fita kai kaɗai. Ku soma da tafiya mai sauri, sai sassarfa, kowane mako ku ƙara kaɗan. Ku riƙe ruwa. Sanyin hunturu ne lokacinku, ku guji tsakar rana. Baba mai hawan jini, ka ga likita tukuna. 'Yar'uwa, ki tara ƙawayenki a tsakar gida ko farfajiyar Islamiyya, ke ma jikinki amana ne.

Kada rashin takalmi ya tsayar da kai. Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya cinye kilomita 42 a Rum a 1960. Saurayin da ke yini a fadamar Rima yana ban-ruwan albasa da tafarnuwa, me zai gagare shi?

Limamai, ku faɗa a huɗuba. Malaman makaranta, ku buɗe filaye. Iyayen ƙasa da shugabannin ƙananan hukumominmu uku, ku tsayar mana da ranar tsere, ku ba da tsaro, ku sa kyauta. 'Yan kasuwa, ku ɗauki nauyin ruwa. Matasa, ku rubuta sunayenku unguwa-unguwa tun daren yau, ku kai wa mai unguwa.

Ku tashi! Ku taso 'yan'uwanku! Mu haɗu a ƙofar masallaci da an sallame.