Keke Mai Batir Tsakanin Paraku da Jugu



Duk wanda ya taɓa yin sammako ya hau hanyar da ta tashi daga Paraku ta nufi Jugu ya san mutanen da zan yi magana a kansu. Tun gari bai gama wayewa ba za ka yi ta cin karo da masu keke: wannan ya ɗaure buhun gawayi biyu a kariya, wancan doya ce ya jera har ta fi shi tsawo, ga ɗan makaranta da jaka a baya. Da an zo hawa sai a sauko a yi ta turi, riga ta jiƙe sharkaf, a isa kasuwar Arzeke ta Paraku rana ta riga ta take. Hanyar nan tsohuwa ce. A da, ta Jugu fataken Kano suke bi da jakuna zuwa Gwanja sayen goro, su ne suka bar mana zangunan da muke zaune a ciki. Jaki ya ragu, keke ya gaje shi, wahalar tana nan.

Mai keken nan babur yake so, kowa ya sani. Amma babur kuɗi ne, kuma kullum sai ya sha. Shekara da shekaru muna dogara da man kwalba da ake shigowa da shi daga Najeriya, wanda mutanen kudu ke kira kpayo. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce an cire tallafin mai, cikin 'yan kwanaki kuɗin kwalba a nan ya kusan ninkawa. 'Yan zem, wato masu haya da babur, suka ƙara kuɗin ɗauka, talaka ya koma ya kakkaɓe tsohon kekensa. Kamfanin Spiro ya kawo babura masu batir ƙasarmu Benin tun 2022, ana musayar batir a tashoshinsu, amma wannan sha'anin masu sana'ar haya ne. Manomin Beteru ba ta shi ake yi ba.

To, akwai matsakaiciyar hanya, ita ce a ɗauki keken da mutum ya riga ya mallaka a sa masa injin lantarki. Abu huɗu ne ke cikin kwalin. Akwai wili wanda aka gina ƙaramin inji a cibiyarsa, sai a cire na asali a sa shi. Akwai batir da ake ɗaurewa a jikin keken ko bisa kariya. Akwai ɗan akwati da ke raba wuta tsakanin batir da inji, sai kuma totur a hannu, ko wata 'yar na'ura a gindin feda wadda da ka taka take ba da wuta. Mai gyaran keken da ya iya hannunsa yana gama haɗawa cikin yini guda.

Bari mu yi lissafi, don a nan ne maganar take da daɗi. Batirin da aka fi samu mai bolt 36 ne da amfiya-awa 10. In ka ninka, wat-awa 360 ke nan, wato ko rabin yunit ɗaya na mitar wutar lantarki bai kai ba. Da wannan, idan hanya ba ta da hawa sosai kuma kana taimaka masa da feda, za ka ci kilomita 30 zuwa 40. Cajin yana ɗaukar awa huɗu zuwa shida, wanda ke da sola a gida ma rana ce za ta biya masa. Kada dai wani ya ruɗe ku: tsakanin Paraku da Jugu ya haura kilomita 130, caji ɗaya ba zai kai ka ba. Wannan keken zuwa gona ne, da kasuwa, da makaranta, da kai mai ciki awo asibitin da ke kusa. In kuma batir ya ƙare a hanya, keke na nan kekensa, sai dai ɗan nauyi. Babur kuwa in mai ya yanke, turi ne har gida.

Abin da ke damuna shi ne batir. Kwanakin baya na zauna wajen wani mai gyara a ƙarƙashin dogonyaro, aka kawo masa batir da ya kumbura, mai shi yana cewa wata biyu kacal da sayensa. Ya kwance kusoshi ya buɗe. Ciki ƙananan batura ne guda 40, kowanne kamar ɗan yatsa, amma wannan kore, wancan ja, wani ma da ragowar gam a jiki. An ɓanɓaro su ne daga matattun kwamfutoci aka liƙe, aka naɗe da sabuwar leda. Ɗan allon da ya kamata ya yanke wuta in caji ya cika, babu shi kwata-kwata. Mai gyaran ya dubi mutumin ya ce, "Malam, a ɗaki kake cajin wannan? Allah ne ya tsare ka da iyalinka." Araha ba ta ado, amma wannan ya wuce maganar ado. Batirin lityum in ya kama, wutarsa tashi take lokaci guda da hayaƙi mai guba, kuma bokitin ruwa ba ya isarta. A birnin New York na Amurka, a 2023 kaɗai, irin wannan gobara ta kashe mutum 18, har hukuma ta hana sayar da batirin da ba shi da shaidar gwaji. Su da ke da motocin kashe gobara a kowace unguwa ke nan. Mu ga zafin watan Maris da ke kusan kai digiri 40, ga ɗakin kwano, ga katifa kusa da soket.

Saboda haka a yi caji a fili, cikin inuwa, da rana, mutum na gani. Kada a jona a kwanta. Kada a ari cajar wani don bakinta ya shiga. In aka dawo daga tafiya batir da zafi, a bari ya huce tukuna.

Sai birki. Tsofaffin kekunanmu irin su Raleigh da Phoenix ƙarfe ne na gaske, sun fi na alminiyam jure murɗar inji, wanda kan tsage wajen da aka ɗaure wili. Amma birkinsu na sanda an yi shi ne don gudun ƙafar mutum. A Turai doka ta tsayar da irin wannan inji a wat 250, kuma ya daina ba da wuta in gudu ya kai kilomita 25 a awa. Mai talla zai ce maka ga mai wat dubu, yana tsere da babur. Ka ɗora masa buhu biyu, ka gangaro da damina robar birki ta jiƙe, ka ga tirelar auduga a gabanka. Ni dai shawarata, ƙaramin inji, sabuwar robar birki, a ɗaure wayoyin wili da kyau.

Ƙasar nan ta san abin da keke zai iya zama. Sana'ar zem ɗin nan da ta cika garuruwanmu daga keke ta faro, a Porto-Novo, inda masu keke ke ɗaukar mata masu sayar da akasa da kayansu, kafin babur ya karɓe aikin. Masu gyaran kekenmu sun iya ɗaurin wili, masu gyaran waya sun iya gwada batir da mita. Abin da ya rage shi ne a haɗa su. Ina kira ga ƙungiyoyin masu sana'ar hannu na Borgu da Donga, da malaman fasaha na Jami'ar Paraku, da ofisoshin magadan garin Paraku da Jugu, su shirya horo ko da na mako biyu ne: yadda ake gane batir na jabu, yadda ake sa allon kariya, yadda ake toshe wayoyi daga ƙurar hunturu da ruwan sama. A kuma ware wuri guda a kowace babbar kasuwa inda za a riƙa karɓar mataccen batir, don yanzu juji yake tafiya, inda ake cinna wa shara wuta kowace yamma, yara na wasa a gefe.